Jif ɗin Nan Ta Mutu Ne, Ko Da Ranta Ake Son Binne Ta?

Gwaggo, don Allah ki agaza min da shawara kafin in aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa. Sati uku ke nan ba ni da sukuni, kuma abin kunya, wai a kan mota. Na san masu rubuto miki kukan aure da na 'ya'ya suke kawowa, za ki ce wannan kuma wace mai ƙoshi ce. Ki daure ki karanta har ƙarshe, don ni kaina na fara shakkar ko maganar mota ce kaɗai.

Ni malamar dabbobi ce. Ina da ɗan shago a bakin kasuwa inda nake sayar da magunguna, amma rabin aikina a daji yake wurin makiyaya: allurar rigakafi, ɗura, ɗinkin rauni, da karɓar haihuwa idan ɗan maraƙi ya zo a karkace. Hanyoyin da nake bi ba hanyoyi ba ne, sawun shanu ne da kwazazzabai. Da can a bayan babur nake zuwa, akwatin allurai a kan cinyata, har bayana ya fara yi min kashedi. Shekara huɗu da suka wuce wani kamfanin aikin hanya ya yi gwanjon tsofaffin motocinsa, na karkaɗe abin da na mallaka na sayi jif guda, irin mai tsayin nan da ƙafafunta huɗu ke ja. Ba kyau gare ta ba. Ƙofar baya da igiya nake ɗaure ta, kujerar direba ta yage har soso yana leƙe, warin awaki kuwa ya zama turarenta. 'Ya'yana Kaka suke ce mata, wai don sai ta yi tari uku kafin ta tashi. Amma ba ta taɓa barina a hanya ba sai ran nan.

Da hantsi aka kira ni, saniyar wani dattijo tana naƙuda abin ya ƙi. Akwai rafin da na saba tsallakawa, an yi ruwa ya ɗan ƙaru. Na shiga, na jawo giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja, ta ƙi shiga, sai wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Nan na kafe a tsakiyar rafi, ruwa ya shigo har ƙwaurina, injin ya mutu. Na ɗauki jakata na ƙarasa a ƙafa. Kafin in isa saniyar ta mutu da ɗan a cikinta. Dattijon shimfiɗa kawai ya yi min a rana ya ce in zauna kayana su bushe. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Tarakta ce ta jawo motar zuwa garejin bakanikena, wanda muke kira Sifana, don ko ɗaurin aure zai je sai ka ga sifana a aljihunsa. Tun ranar da na sayi motar shi ke taɓa ta. Bayan kwana biyu ya kira ni ya jero min: ruwa ya shiga inji, haƙoran giyar ja sun cinye, sannan shasi, wato ƙashin bayan motar da komai ke zaune a kai, tsatsa ta ci shi ta baya wajen hagu. Ya ce gyaran zai haura rabin abin da na saye ta, kuma ko an yi ba zai lamunce min shekara ɗaya ba. Shawararsa in rabu da ita. Duk maganar nan bai kalli idona ba, yana ta goge hannu da tsumma, alhali hannun nasa fes yake.

To ga inda gizo ke saƙar. Kwana biyu kacal da wannan magana, sai ga ƙanin maigidana a shagona. Shi dillalin komai ne, daga fili har kaji. Ya zo da wani mutum mai ƙaton agogo, wai yana son motar yadda take, ko a yau. Mutumin nan ya buɗe baki ya karanto min ciwon motata ɗaya bayan ɗaya, a jeren da Sifana ya faɗa, har da tsatsar baya wajen hagu. Ni kuwa maigidana kaɗai na gaya wa, shi ma ban ce masa hagu ko dama ba. Na ce su ba ni lokaci. Ƙanin nasa ya yi dariya ya ce, matar yaya, ai kaza ba ta tsayawa ciniki da mai wuƙa. Ban ji daɗin wasan ba.

Ran Talata da safe na faɗa garejin ba sanarwa. A ƙarƙashin rumfa na bar motar, bakinta a buɗe. Sai na tarar da ita a bakin ƙofa, an wanke ta tas, an tura kujerar direba baya daidai dogon mutum, ga ɗanyen taɓo a ƙarƙashinta. Na ɗora hannu a kan murfin inji, da ɗumi. Motar da aka ce min ruwa ya kashe! Sifana ya ce ai ya zubar da ruwan, ya canza baƙin mai, ya zagaya da ita ne don ya ji kukan giyar. Na ce me ya hana ya gaya min ta tashi? Ya ce bai so in sa rai ba. Ina fitowa mai shayin bakin garejin ya gaishe ni, ya ce ina Malam, yau bai leƙo ba, sau uku ya zo a 'yan kwanakin nan. Gwaggo, maigidana malamin makaranta ne, hanyarsa ba ta bi ta nan, kuma bai san bambancin lagireto da salansa ba. Me ya kai shi gareji sau uku, bai taɓa ko ɗaga min maganar ba?

Da ma can ba ya son motar nan. Kullum maganarsa in zauna a shago, daji ba na mai shekaruna ba ne. Tun abin rafin nan kuma ya zama zuma, shi ke haɗa min shayi, shi ke nuna min hotunan ƙananan motoci a waya, irin waɗanda kwazazzabon farko zai karya musu ƙugu. Idan na ce ina tunanin gyara, sai ya ce kada in matsa wa kaina, wataƙila haka ne mafi alheri. Na kasa tambayarsa, don ina tsoron amsar. Shekara ashirin da biyu ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Kada in zalunci Sifana, bara ya taɓa cewa giyar nan tana kuka a duba ta, na ce a bari damina ta wuce. Kuma ya taɓa mayar da kayan gyara har sau biyu don ya ce jabu ne. To amma mutum yana canzawa.

Idan na gyara ta sake barina a daji dabbar wani tana jirana, ban san da wane ido zan kalli mai ita ba. Idan na sayar, ba ni da ƙarfin sayen irinta, aikin daji ya ƙare ke nan, mutanen nan kuma ba su da wata malama sai ni. Kuma ranar da na gan ta a titi da sabon fenti, mai ƙaton agogo yana tuƙawa, ina jin zuciyata bugawa za ta yi. Ki faɗa min gaskiya: motar ce ta mutu, ko ni ake son a ajiye?

Taki,
Malamar dabbobi da ta daina yarda da kowa

*

'Yata,

Sannu da wannan ɗawainiya, kuma ki daina jin kunya. Abin da ke kai mutum wurin neman abincinsa ba ƙaramar magana ba ce.

Zarginki ba hauka ba ne. Mai saye bai yi mafarkin tsatsa a hagu ba, wani ne ya faɗa masa, kuma bakanike bai da hurumin baza sirrin motarki kafin ki ce ta sayarwa ce. Wannan ya yi kuskure, ko da da kyakkyawar niyya. Amma ɗumin inji da taɓo ba su kama ɓarawo ba. Ba a gane ciwon giya a tsaye, sai an tuƙa. Haka kuma zumuɗin mai saye bai nuna motar lafiya take ba. Akwai masu sayen irin waɗannan don su farke su, su sayar da sassan ɗaya-ɗaya, su kam ko gawa ce riba ce a wurinsu.

Saboda haka ki bar karanta fuskoki, ki je ki karanta ƙarfe. Ki sa a ɗauke motar daga garejin nan cikin mutunci, ba faɗa. Ki kai ta wurin wani bakanike a wata unguwa, wanda ya saba da manyan motocin daji, wanda bai san mijinki ba balle ƙaninsa. Kada ki gaya masa abin da Sifana ya ce. Ki biya shi ladan dubawa, ki faɗa masa tun farko cewa ba shi zai gyara ba, kuma ba za ki sayar ta hannunsa ba. Mutumin da ba shi da abin ci a cikin magana ya fi saurin faɗin gaskiya. A hau da ita kan ramin duba ƙasan mota, ke ma ki sauka da tocila. Macen da ke zura hannu cikin saniya ba za ta ji ƙyamar baƙin mai ba. Ya ƙwanƙwasa shasin da guduma a gabanki, daga gaba har baya. Inda ƙarfe ya amsa da ƙara, da ransa. Inda ya yi shiru yana zubar da ɓawo, ko tsinken ƙarfe ya huda shi, ya ruɓe.

A nan hukuncin yake. Inji da giya ana canza su, motar ta ƙara shekaru. Idan tsatsar a sama take, ko wuri ɗaya ne da mai walda na kirki zai iya yankewa ya ƙarfafa, ki gyara, ki fara da giya da burki, ƙofar baya ta ci gaba da zama da igiyarta. Amma idan ruɓar ta kai inda ƙafafun motar ke riƙe, ki sallame ta ko ana ba ki gyaran kyauta, don irin wannan ba ta kashedi, a gangare take rabuwa biyu. In ta kama a sayar, ki nemo masu saye biyu ko uku da kanki. Ƙanin miji ya kawo tayinsa ya shiga layi kamar kowa.

Yanzu ki ba ni kunnenki, don akwai layi ɗaya a wasiƙarki da kika wuce da gudu. Bara an gaya miki giyar nan tana kuka, kika ce bayan damina. Ba Sifana ne ya tsayar da ke a rafi ba, ba kuma Malam ba. Ina jin mutuwar saniyar nan tana cin ki, kuma zargin mutane ya fi sauƙin ɗauka a kan wannan. Ki karɓi naki kason, ki nemi afuwar dattijon nan in ba ki yi ba, sannan ki ajiye kayan. Kuma ko wace mota kika tuƙa nan gaba, ran da ta yi kuka ran za a duba ta.

Batun maigidanki, ni ma ina kyautata zaton ya je ya roƙi Sifana ya tsorata ki. In haka ne bai kyauta ba, bayan fage ba wurin shawara da matar shekara ashirin da biyu ba ne. Sai dai ki tuna abin da aka kawo masa labari: matarsa a tsakiyar rafi, ruwa yana shiga mota. Ke saniya kika rasa ran nan, shi kuwa ke ya kusa rasawa. Mutumin da bai san lagireto ba, ya yi sawu uku a gareji, ya fi kama da matsoraci a kan maciyin amana. Ki zaunar da shi, ku biyu, ki ce masa mai shayin gareji yana gaishe shi, ki tambaye shi kai tsaye me ya je yi. Ki bar shi ya gama. Sannan ki gaya masa aikin daji ba ya cikin abin da ake gwanjo, amma za ki ɗauki sharuɗɗan da za su bar shi ya yi numfashi: ba tsallaka rafi bayan ruwa sai an gwada zurfinsa, kuma a san inda kika nufa duk fita. In motar ta tafi, ku zauna tare ku nemo abin da zai kai ki, ko da hayar ta wani ce ranakun fita, kafin Allah ya hore wata.

Ranar da za a hau da ita kan rami, ki tafi da shi, ki ba shi tocilar ya riƙe. Abin da guduma ta faɗa, ku ji shi tare.

Allah ya tsare hanyarki, ya sa albarka a hannunki, ya kuma mayar wa dattijon nan da mafi alheri.

Gwaggonki