Jinina da Bakin Gwadabe

Litinin, 2 ga Afrilu, 1979

Na je ɗakin shan magani saboda ciwon kan nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sista Hilda ta ɗaure min damtse, ta yi ta matsa 'yar robarta, ta ce jinina ya hau. Wai in ban kula ba, wata rana ɓarin jiki zai shanye. Ban gaya mata haka Baba ya tafi ba. Ya sunkuya zai yi alwala, bai ƙara miƙewa da ƙafarsa ba. Shekarunsa a lokacin ba su fi nawa na yanzu da biyu ba.

Dokokinta: rage goro, rage gishiri, kwanciya da wuri, tafiya a ƙasa kullum da safe. Sai kuma ta ce, "Oga Ɗantala, da wa kake zama a kasuwa? Mai kuka da duniya kullum, shi ma gishiri ne." Ina ruwan allura da wanda nake zama da shi? Aikin matata ne. Tun da Sailuba ta fara kai mata ƙwan zabi na san akwai magana a ƙasa.

Laraba, 4 ga Afrilu

Malam Gwadabe ya iso ban gama fito da kwanon rufi ba. Tun daminar bara da ya sayar da keken ɗinkinsa ya mayar da bencin ƙofar shagona ofis. Karatun yau: an ɗauke sunan garinmu an ba dajin da za a gina sabon babban birnin ƙasa, sukarin zamani ba zaƙi, gwiwarsa, sai kuma sunan garin. Wani manomi ya zo sayen ƙusa zai rufa ɗaki, Gwadabe ya ce masa, "Rufa dai, gobe katafilar gwamnati ta zo ta baje." Mutumin ya ajiye ƙusa ya tafi.

Kafin azahar kaina kamar ana daka a ciki. Benci ya fi ashirin a layin nan. Me ya sa nawa?

Asabar, 7 ga Afrilu

Akinola, mai shagon kwanon da ke kallon nawa, ya aiko wa Gwadabe da goro. To. Biri ya yi kama da mutum.

Talata, 10 ga Afrilu

Na ɗana tarko. Na raɗa wa Gwadabe zan tashi shago in koma garin Madalla, kada kowa ya ji. In Akinola ya zo da murmushi yana tambayar wa zai gaji wurin, na san wanda ya dasa min shi don ya kore min masu saye.

Juma'a, 13 ga Afrilu

Shiru. Na zagaya Akinola da magana ta gaba ta baya, bai san komai ba. Gwadabe kuwa kwana uku yana zaune kamar mai karɓar gaisuwa. Bayan an sakko masallaci ya kama hannun rigata: "Har kai, Ɗantala? To ni ina zan zauna?"

Ko dai gwani ne, ko kuma... Ban yarda ba tukuna.

Litinin, 16 ga Afrilu

Korar Gwadabe ba ta yiwuwa. Shi ya wanke Baba, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Wanda ya yi maka wannan ba ka ce masa tashi, ko da bakinsa zai kai ka inda ya kai Baban. Sai na tura bencin wurin kafinta, na ce ƙafa ce ke girgiɗi. Gwadabe ya zo da buzunsa. Karatun yau: kafintocin zamani.

Alhamis, 19 ga Afrilu

Na fara tafiyar Sista, daga gida zuwa tudun bayan unguwar Kwamba. Na bar babur a zaure. Mutum huɗu suka tsaya za su rage min hanya. Kafin hantsi labari ya cika kasuwa: Ɗantala ya karye, har babur ya sayar. Mama Nneka mai atamfa ta dafa ƙirji, "Sannu oga, Allah zai mayar." Akinola ya tsallako da kansa ya ce in kaya sun yanke min in ɗiba a nasa. Wannan kirkin da dalili.

Na manta a garin nan mai babur ba ya taka ƙasa sai in ya karye ko ya taɓu. Gobe ba zan fita ba.

Asabar, 21 ga Afrilu

Goro ɓari biyu kacal. Bakina kamar na aro.

Litinin, 23 ga Afrilu

Ina cin tuwo ina ba Sailuba labarin kasuwa. Ta ajiye ludayi ta ce, "Maigida, Gwadaben benci ai da la'asar yake tafiya gidansa. Wannan da kake shigo min da shi, shi ne ba ya tafiya." Na ce me take nufi. Ta ce tun da na zauna na kushe miya, na kushe gwamnati, na kushe kafinta. Wai 'yarmu Ummulkhairi da ta ji sallamata sai ta shige ɗaki.

Na daka mata tsawa. Nan take kaina ya sara har cikin ido, hannun hagu ya yi sanyi, lomar ta faɗi. Ya saki bayan ɗan lokaci. Na ce mata zafi ne ya ƙona ni.

Talata, 24 ga Afrilu

Na duba shafukan baya. To, ai ba don yabon mutane ake ajiye littafi ba. Na kowa ma haka yake.

Alhamis, 26 ga Afrilu

Dabara ta zo min ina alwala. Mutum ɗaya a ƙasa karaya ce, mutum biyu kuwa hira ce. Na ce wa Gwadabe, "Malam, akwai filin da nake so ka duba min a kan tudu, idonka ya fi nawa." Babu wani fili. Ya ji daɗi har ya sa sabuwar hula.

Tun daga ƙofar gida ya fara: kwata, awaki, direbobin tifa. Da muka kama tudu magana ta soma yankewa. A tsakiya sai haki. A sama ya zube kan dutse, ya daɗe yana kallon rufin gari da dutsen Zuma can gefe, ya ce, "Ashe daga nan garin yana da kyau." Na tsaya jiran "amma". Ba ta zo ba.

A shago ya yi ta gyangyaɗi a kan buzu har azahar. Na sayar da kwano bandir biyu ba wanda aka yi wa bushara da katafila.

Talata, 1 ga Mayu

Kwana shida muna hawa. Gwadabe ya tambaye ni ina filin, na ce gaba kaɗan. Ya dube ni ya gyara hula. Ina jin ya gane. In ya gane, me ya sa yake biyo ni? Zan sa ido.

Alhamis, 17 ga Mayu

Jiya Sista ta auna jinina. Ya sauka, bai kai inda take so ba, amma ya sauka. Ta ce me na canza, na ce ba komai, ƙila robar ce ta saki.

An yi ruwa da asuba, Gwadabe ya makara. Na tsaya a ƙofar gidansa kusan rabin awa. Ba jiransa nake ba, laka nake kankarewa a takalmi. Da ya fito ya buɗe baki, "Wannan ruwa na bana..." na ce, "Malam, riƙe maganar sai mun hau." Ya riƙe. A sama na tuna masa, don a yi adalci. Ya sosa ƙeya, ya ce ta ɓace masa.

Ni ma na taso da nawa ƙorafin guda biyu. Ban san inda na yar da su ba.