Abin da Mahbub Ya Gani

Sabon Birni, Gwarzo
9 ga Maris, 2001

Zuwa ga Yayana Dalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Yaya Rahama da yara. Yaya zaman Kaduna? Na ji an sake sallamar ma'aikata a masaƙarku, Allah Ya sa abin bai shafe ka ba.

Ni ina nan cikin takaba, ba fita, sai tunani. Har yau ba a kama kowa ba, babur ɗin maigidana Ya'u ma babu labarinsa. Duk wanda ya zo gaisuwa magana ɗaya yake yi: ba wanda ya ga abin da ya faru a hanyar kasuwar Gwarzo sai ɗana Mahbub, tunda yana kan tankin babur lokacin da aka tare ubansa, kuma a gefen gawar aka tsince shi bayan la'asar. Yaro ɗan shekara biyu da wata bakwai, Yaya.

Kwana goma sha ɗaya bai ce uffan ba. Yanzu bakin ya buɗe. Da ya ji ƙarar babur sai ya ruga zaure yana kiran Baba. Takalmin uban yake ɗaukowa ya ɗora mini a cinya. Kullum in ina yi masa wanka sai na tambaye shi wa ya bugi Baba, shi kuwa sai kallo. Shekaranjiya na shiga jero masa sunayen mutane ɗaya-ɗaya. Da na zo kan Datti, maƙwabcinmu na gona wanda suka yi rigimar iyaka da Ya'u da damina, sai ya gyaɗa kai. Na sake tambaya, na sake, har ya ce, "Datti."

 Na gaya wa ƙannen Ya'u, sun ce gobe za su kai ƙara.

Ka sa mu a addu'a. Taka ƙanwa,
Badi'a

Sabon Birni
20 ga Agusta, 2001

Yaya Dalhatu,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Yaya Rahama? Na ji an rufe masaƙar gaba ɗaya. Allah Ya buɗa wata ƙofa. Kada ka damu da rashin zuwanka, na san halin da ake ciki.

An gama shari'a. Alƙali ya ce Musulunci bai yarda a kama rai da bakin yaron da bai yi hankali ba, kuma babu wani mai shaida. Datti ya yi alwala ya rantse da Alƙur'ani, aka sallame shi. Amma gari bai sallame shi ba. Washegari samari suka same shi a gona suka karya masa ƙugu kafin a raba, suka cinna wa rumbunsa wuta. Matarsa Asiya ta ɗauke shi a amalanke, sun koma wurin danginta a Masanawa. Ba zan ɓoye maka ba, da na ji labari sai na ji sanyi a raina.

Inna Uwaliya, ungozomar da ta yanke wa Mahbub cibiya, ta shigo ta same ni. Ta ce, "Badi'a, na raini yara sun fi talatin. Ɗan wannan shekarun muryar ubansa yake riƙewa da ƙanshin rigarsa. Labari kuwa a bakin mai ba shi abinci yake ɗauka." Na ce mata in ba ta'aziyya ta kawo ba ga hanya nan.

Mahbub ya daina gudu zaure in babur ya wuce. Amma yanzu ya iya ba da labarin tiryan-tiryan, yadda Datti ya fito daga cikin dawa da sanda. Baƙi in sun zo sai a kira shi ya faɗa, mata su yi ta kuka, a ba shi alewa.

Ka gaishe mini da yara.
Badi'a

Sabon Birni
2 ga Nuwamba, 2004

Yayana,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, ya kuma sana'ar acaɓa? Allah Ya tsare hanya. Ka karanta wannan kai kaɗai.

Mahbub ya shiga aji ɗaya. Watan jiya na nuna masa hoton aurenmu, ya dubi Ya'u ya ce, "Inna, wane ne wannan?" Bai san fuskar ubansa ba, bai san muryarsa ba. Amma ranar kisan ya san ta kamar karatun allo. Abin ya tsaya mini. Na kuma tuna cewa a watan da aka kashe Ya'u babu dawa a gona, an daɗe da girbi. Ni ce na taɓa ce masa, "Daga cikin dawa ya fito, ko?"

Sai na gwada shi, Allah Ya yafe mini. Na ce, "Ka tuna baƙar akuyar da ta biyo ku ranar?" Ya ce a'a. Na sake tambaya kwana uku a jere. Ran Juma'a na ji shi a tsakar gida yana gaya wa kakarsa yadda akuyar ta tsaya tana kuka a kan Baba. Har igiyar wuyanta ya kwatanta. Babu wata akuya, Yaya. A bakin murhu na ƙirƙiro ta.

Ban ce Datti bai aikata ba, Allah kaɗai Ya sani. Abin da na sani shi ne ni na fara furta sunansa, ba yaron ba. Datti ya rasu da azumin bara, bai sake takawa da ƙafarsa ba. An ce Asiya surfe take yi a gidajen mutane, da 'ya'ya biyar.

Jiya na zaunar da Mahbub na ce masa bai ga Datti ba, ni na gaya masa. Ya fashe da kuka har da shessheƙa, yana cewa, "Na gan shi, Inna, wallahi na gan shi! In na girma sai na rama." Na rungume shi, ya ture ni. Na iya sa masa abin a ciki, cirewa ta gagare ni.

Dangin Ya'u ba za su saurare ni ba. Don Allah ka zo, ko da kwana ɗaya ne, ka raka ni Masanawa. Ban san abin da zan ce wa Asiya ba, kuma ban sa rai za ta yafe ba. Amma ina so ta ji daga bakina, a gaban 'ya'yanta.

Taka ƙanwa,
Badi'a