Sunan Zaidu Bai Fita Ba

Kaka, ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni na haɗa wa masu jiragen ruwa na Yauri da Wara wata manhaja a intanet. Matuƙi ya shiga da sunansa, ta riƙa aika masa gargaɗin iska. Kuskurena, sunayen waɗanda ke ciki, injin da manhajar ke kai a ka yake riƙe su, ban sa ya rubuta a rumbun bayanai ba. Duk ranar da na ɗora sabon gyara sai ya manta kowa, kowa ya sake shiga.

Yayana Zaidu ya shiga wata Laraba da safe. Ran nan jirginsa ya kife, wayarsa na ƙarƙashin ruwa. Wata bakwai ke nan sunansa na nan da koren ɗigo, wai yana ciki. Ɗakinmu ɗaya, yanzu ni kaɗai. Kullum sai na duba shi nake karyawa.

To, gargaɗin ya daina isa ga matuƙan Shanga, ga damina ta matso. Gyaran rubutu ne layi uku, amma ina ɗorawa Zaidu ya fita. Ko mayar da sunayen rumbu sai an ɗora sabo. Inna ba ta san da zancen ba.

Mai jiran ɗan'uwa, Yelwa

Angona,

Allah Shi jiƙan Zaidu. Aji huɗu na yi, amma na gane: ka ɗauki mai gadi mai mantuwa irina, ka hana shi takarda, sannan ka hana shi gyangyaɗi wata bakwai.

Ba zan ce ɗigon ba kome ba ne. Da kakanka ya rasu, shekara na yi ina zuba tuwon mutum biyu, kajina suka yi ƙiba. Sai dai tuwona bai hana kowa jin gargaɗin iska ba. Matuƙan Shanga su ma suna da ƙannen da ke jiran su gida.

Ka ɗauki hoton shafin, da sunan da ɗigon. Ka kai wa innarka ta gani, kada ka danna kai kaɗai a ɗakin nan. A gabanta za ka ɗora gyaran, cikin makon ga, ka haɗa da na rumbun, don sunayen masu rai su daina ɓacewa. In kuka ya zo ku yi abinku.

Bayan nan ka riƙa karyawa gidanta. Na ji an ce ka rame, ni kuwa ba ni auren ramamme.

Allah Shi ba ku haƙuri, Shi tsare na kan ruwa.

Kakarka Dudu