Tabarmar Kaka a Kan Faifan Sola

Unguwar Kanti,
Kazaure.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Yaya Mu'minat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ɗiyata Shahida, Allah Ya raya mana ita. Mu nan kowa lafiya lau. Umma ta warke daga ciwon haƙorin nan, akuyarki kuma ta haifi tagwaye. Direban da zai zo Fatakwal na bai wa saƙon, don har yanzu Baba bai yarda na riƙe waya ba, kuma labarin nan ya fi ƙarfin ɗan lokacin da Umma ke ara mini tata.

Yaya, mun yi nasara, Kaka Dela ba za ta koma Roni ba! Kin san tun da likita ya ce hawan jininta ba ya son zafi Baba ya ɗauko ta. To da bazara ta kama, ɗakin kwanon nan ya koma kamar tanda, sai ta rantse gara soronta na ƙasa, ko da za ta faɗi ba mai ɗaga ta. Kullum ƙullin kayanta na bakin ƙofa. Baba ya rasa ta yi, sai ya kira Sabiru, ɗan gidan Maikasuwa, wanda ya koyo aikin sola a Kano. Ya shafe rufin da wani farin fenti mai mayar da zafin rana, ya kafa wata sabuwar na'urar sanyaya ɗaki da ba ta cin wuta sosai, ya ɗora faifan sola a kan rumfar awaki don nan rana ta fi buɗewa. Ni dai ta labule na kalli aikin. Ba wani abu ba ne, Yaya, kawai dai yana da irin natsuwar nan da ake faɗa a littafi.

Ranar farko ɗakin ya yi sanyi kamar bakin dam da asuba. Daga nan kuma sai abu ya lalace, kafin la'asar batir ya mutu. Sabiru ya zo ya duba, ya koma, ya sake zuwa, bai ga komai ba. Baba ya fusata ya ce ya kwashe tarkacensa, Kaka kuma ta ce ai dama ta faɗa, a nemo mata mota ranar Juma'a.

Ni kaɗai na san abin da ke faruwa. Kin san lungun bayan rumfa inda nake ɓuya da littafina idan Umma ta ɗauka hadda nake yi. Daga can nake ganin Kaka, da rana ta take sai ta lallaɓo da sandarta ta jefa tsohuwar tabarma a kan faifan, kamar yadda take rufe randa da kaji. Kafin maza su dawo ta janye abarta. Tausayinsa take ji, wai kada rana ta ƙona wa Baba dukiya! Na kwana biyu ina juya maganar. In na faɗa, na tona maɓoyata, na kuma kunyata Kaka. In na yi shiru, ta tafi inda ba mai ba ta magani.

Ranar da Sabiru ya zo kwance kayan, har ya taka tsani, sai kawai na ji bakina ya buɗe. Kaina a ƙasa, na faɗa wa Baba komai a gaban kowa. Sai Sabiru ya sauko ya durƙusa gaban Kaka, ya yi mata bayani cikin ladabi cewa rana ita ce tuwon wannan faifan, rufe shi kamar sa wa akuya takunkumi ne a tsakiyar ciyawa. Kaka ta riƙe haɓa, ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin abin da zai ci rana ya haifi sanyi ba, amma in da ranka ka sha kallo. Ni kuma ta ce mini munafuka, ashe shiru-shirun nan ba tsoro ba ne. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki.

Yanzu ƙullin kaya ya koma ƙarƙashin gado. Kaka da kanta take sa a goge ƙurar faifan kowace safiya, kuma rantsuwa zan yi, jiya da azahar mayafi ta nema. Maƙwabta sai zuwa kallo suke, mai shagon magani na bakin titi ma ya ce a yi masa irinsa. Umma ta ƙwace littafin, amma Kaka ta sa an dawo mini da shi, da sharaɗin in riƙa karanta mata a ɗakinta. Ta ce saurayin cikin labarin ba shi da amfani, sai daɗin baki, gara mai hawa tsani. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Ki gaida maigidanki Yaya Sama'ilu, ki sumbaci Shahida. Umma da Inna Shatu da Ma'u suna gaishe ki. Kaka ta ce in kin zo da sallah ki taho da bargonki.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Lailatu