Fatar Kwaɗo da Batirin Mota

Daren Laraba, Gyaɗi-Gyaɗi, mako uku da komawar soja bariki.

Wata huɗu ina kamo kwaɗi a kududdufin Darmanawa, har Inna ta ware min kwanon abincina. Ni nake feɗe su, in ɗaura fatar tsakanin kwalabe biyu na ruwan gishiri, in zauna gadin mitar awon lantarki. Ni na fara lura allurar tana hawa tana sauka da kanta, kamar numfashi. Da na faɗa wa Dakta mai duba bincikena, cewa ya yi wutar gari ce ke rawa. Na aro batirin mota na sake gwadawa, allura ba ta fasa ba. Ashe fatar ce take tura gishiri, ta huta, ta sake turawa.

Yau a taron sashenmu Dakta ya karanta awona kaf, yana ta cewa "na gano". Wani farfesa ya tambaya ko ba matsalar wuta ba ce. Dakta ko kallona bai yi ba ya ce, "Ai da batirin mota na gwada."

Zan fita ya ce, "Hauwa, gobe a kawo kwaɗi shida, manya."

Na ce, "To, Dakta."

Wannan "to" ɗin ce ta hana ni barci.