Buzun Baba Ba Zai Tsallaka Ruwa Ba

Yankara, daren Laraba, 9 ga Safar

Na daɗe da jin wai akwai ƙasar da ba a shiga da fatar dabba, ko da ta salla ce. Na ce zancen 'yan tasha ne.

Yau na naɗe buzun marigayi mahaifina, zan sa cikin kayan Sani, tunda zai koma ƙasar Turawa da zama. Sai ya ce, "Baba, kwastan ɗin can ƙona shi za su yi in babu takardar likitan dabbobi."

Likita! Ragon da aka cinye tun ban yi kaciya ba, wa zai duba lafiyarshi?

Na maida buzun ɗaki. Wannan karon ba ɗan tasha ya faɗa mani ba. Sani ne, ɗan cikina, kanshi a sunkuye.