Kalmar da Ta Halatta ga Miya, Ta Haramta ga Maraya

Zuwa ga Hajiya Rabi, shugabar zaurenmu na iyaye mata da ke cikin waya, tare da mataimakanta.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da iyalanku, da fatan masara da dawa sun shigo gida lafiya.

Ni ce Binta, wadda kuka sani da Maman Sadik, malamar makaranta a Funtua. Na rubuto a fili ne saboda an rufe mini ƙofar zaure. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Amma godiyar da ke cikina ta fi fushin yawa, don haka da ita zan fara.

Na ɗaya. Sadik ɗan ƙanwata ne. Mahaifinsa ya rasu a hatsarin mota a hanyar Malumfashi tun yana ciki, ita kuma ta bi shi wajen haihuwa. Aka miƙo mini jinjiri a zani, alhali autata ta riga ta shiga sakandare, har na manta yadda ake goyo. Matan zauren nan ne suka tsaya mini. Su suka nuna mini yadda zan haɗa masa madara, su suka hana ni ɗura masa jiƙe-jiƙe da cikinsa ya kumbura, suka ce in kai shi asibiti. Maman Istifanus ta garin Dayi, wadda har yau ban taɓa ganin fuskarta ba, ta riƙa aiko mini garin waken suya ta hannun direban mota lokacin da ya fara shan kunu. Shi ya sa yaron yake kiran ku "iyayen waya". Ke kuma Hajiya, kin kori masu tallan maganin ƙarya, kin hana a riƙa yawo da hotunan yara marasa lafiya. Ranar da kika kafa dokar hana ashar, ina cikin waɗanda suka fara yi miki sambarka. Mu Katsinawa ne, mun san halin bakinmu. Ko a Kano in muka taru ana janye yara gefe. Allah ya saka miki da alheri.

Na biyu. Ga abin da ya faru. Sadik ya dawo daga makaranta ya ƙi cin abinci. Da na matsa masa, sai ya tambaye ni mene ne "shege". 'Yan ajinsu sun lura sunan uban da ke jikin littafinsa ba na maigidana ba ne, kuma na tabbata daga bakin manya suka ɗauko sauran. Hausa nake koyarwa, na san abin da ƙamus ya ce, amma na kalli yaron nan na rasa ta inda zan fara. Na ce masa ya bari in tambayi iyayen waya. Na rubuta muku abin da aka ce masa, yadda aka faɗa, na nemi shawara. Kafin in gama wanke-wanke an goge saƙona, an cire ni, an sanar da cewa na yi ashar. Ba wadda ta kira ni ta ji ta bakina.

Na uku. Wanda ya yi zagi daban, wanda ya kawo ƙarar zagi daban. In mace ta je asibiti ta nuna inda kare ya cije ta, ba a ɗaure ta a ce ita ce karen. An ce mini da na rubuta harafin farko na bi shi da ɗigo-ɗigo, da an ƙyale ni. To, ba ɗigo-ɗigo aka kira ɗana ba. Kalmar aka jefa masa cikakkiya a filin makaranta, a haka ya kawo mini ita gida. Kuma tunda maganar doka ake, ku koma baya a zauren ku duba. Da wata ta sa hoton miyar kukarta, wata ta ce tana da "shegen daɗi", dariya aka yi, har da ɗaya daga cikin mataimakanki. Wato kalmar ta halatta ga miya, ta haramta ga maraya.

Na huɗu, wanda ya fi ƙona mini rai. Kafin a goge saƙon, mata biyu sun amsa, an kuma turo mini hoton abin da suka rubuta. Ɗaya ta ce Allah ya kyauta, shi ya sa ake bincike kafin a karɓi ɗan riƙo. Ɗayar ta ce ai yara ba sa faɗin magana haka kawai. Babu ashar ko ɗaya a cikin wannan, har da sunan Allah a ciki. Amma sun maimaita abin da yaran suka faɗa ne, sun dai sa masa mayafi. Suna nan zaune a zaure, ni ina waje. Dokarki tana kama mai kuka, Hajiya, tana barin mai habaici.

Na biyar. Duk da haka, daga cikin matan zaurenki taimako ya zo. Da yawa sun kira ni. Maman Istifanus ta ce kada in tsaya yi masa bayanin kalma, in nuna masa mutanensa. Na ciro hoton bikin iyayensa na ba shi, sannan na kai shi Mahuta wurin kakansa. Tsohon ya riƙe hannunsa har gona, ya nuna masa inda babansa yake noma, ya kama kunnensa ya ce ko a kasuwa aka tsinci waɗannan fala-falan kunnuwan, gidansu za a kawo su. Sadik ya dawo yana shafa kunnensa yana dariya. Ba don kin tara mu ba, da ban san wannan baiwar Allah, Maman Istifanus, ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A bar dokar hana ashar, tana da amfani, amma a raba mai zagi da mai ba da labarin zagin da aka yi mata ko ɗanta. Kafin a cire mace a kira ta a ji. Habaici a kan asalin yaro a ɗauke shi zagi, ko da an wanke shi da addu'a. Ban ce a kori matan nan biyu ba, a yi musu nasiha, su ma iyaye ne. Sannan a mayar da ni, a bar ni in sake rubuta tambayata da kalmar yadda take.

Dalilina shi ne, ban gaya wa Sadik an kore ni ba. Duk sanda ya ga waya a hannuna sai ya leƙo ya tambaya ko iyayen waya sun ba da amsa. Ina ce masa suna shawara. Ba na so in daɗe ina faɗin haka, domin yaron ya fara iya karatu.

Allah ya ƙara miki haƙuri da mu, ya raya miki zuri'a, ya tsare 'ya'yanmu daga bakin da ba ya tausayi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Taku,
Binta, Maman Sadik
Funtua